Yadda Dinara Safina ta zama ta ɗaya a duniya ba tare da babban kofi ba

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanina da ya tambaya wai ta yaya Dinara Safina, 'yar Rasha, ta hau matsayi na ɗaya a tanis na mata alhali ko sau ɗaya ba ta ci ɗaya daga cikin manyan gasa huɗu ba, har yana cewa ko an yi maguɗi. To babu wani maguɗi, lissafi ne, saurara ka ji.

Hukumar tanis ta mata, WTA, tana tara makin da 'yar wasa ta samu ne a makonni 52 da suka wuce, kuma a 2009 sakamakon gasa 16 ake ƙirgawa. A manyan gasar nan, wato ta Ostireliya, ta Faransa, Wimbledon da ta Amurka, wadda ta ɗauki kofi tana samun maki 2,000, wadda aka doke a wasan ƙarshe 1,400, kusa da na ƙarshe 900, wadda ta tsaya a zagayen 'yan takwas kuma 500. To ɗauko biro. A 2009 Safina ta kai wasan ƙarshe a Ostireliya da Faransa, ta kai kusa da na ƙarshe a Wimbledon, 3,700 ke nan. Serena Williams ta cinye Ostireliya da Wimbledon, ta tsaya a 'yan takwas a Faransa, 4,500. Ka ga tazarar 800 ce kacal. Gasar Madrid kaɗai da Safina ta ci maki 1,000 take bayarwa, ga ta Roma ita ma ta ɗauke. Ita kuwa Serena, a wasanta na farko ta fita a Roma da Madrid, sannan ba ta zuwa gasar Indian Wells ta Amurka a shekarun nan, sifili aka rubuta mata. Safina ta hau ne tun ranar 20 ga Afrilun 2009, irin wannan lissafin kuma shi ya riƙe ta a can, ta yi makonni 26 a jimlace.

Gida ne na tanis, ka sani. A Mosko aka haife ta a 1986, mahaifiyarta Rauza Islanova mai horarwa ce, yayanta kuma Marat Safin, wanda shi ma ya taɓa zama na ɗaya. Su ne wa da ƙanwa na farko da suka yi haka. Tashinta na gaske a Berlin ne, Mayun 2008, inda ta doke Justine Henin da Serena da Elena Dementieva a mako guda. A shekarar ta samo azurfa a Olamfik na Beijin.

Amma in za a faɗi gaskiya, masu sukarta suna da abin kamawa. Ƙarfinta daga bayan fili yake, doguwa ce, tana dukan ƙwallo da nauyi, musamman a filin jar ƙasa. Rauninta sabis ne. Tanis yana ba ka dama biyu ka fara buga ƙwallo, in ka ɓarar da duka biyun an ba abokiyar karawa maki kyauta. Ita kuwa da zarar wasa ya yi zafi sai hannu ya ƙage, ta riƙa waiwayen mai horar da ita, Zeljko Krajan, bayan kusan kowane bugu. Ana Ivanovic ta doke ta a wasan ƙarshe na gasar Faransa a Faris a 2008. Serena ta gama da ita 6-0, 6-3 a wasan ƙarshe na Ostireliya a Melbourne cikin ƙasa da awa guda. Wasan da ya fi ciwo shi ne na Faris a 2009 da Svetlana Kuznetsova, 6-4, 6-2, kuma da irin wannan kuskuren sabis ɗin ta rufe wasan da hannunta. Bayan wata guda Venus ta ba ta 6-1, 6-0 a Wimbledon, tana ta ɗaya a duniya fa!

Abin da ya kashe mata sana'a dai ciwon baya ne. Tsarin makin da ya ɗaga ta yana buƙatar a yi ta buga gasa ba hutu, ƙashin baya kuwa shi ke ɗaukar murɗawar kowane sabis. A Doha, Oktoban 2009, ta fita daga fili tana kuka, ta sake janyewa ana tsakiyar wasa a Ostireliya a 2010. Wasanta na ƙarshe a Madrid ne, Mayun 2011, tana da shekara 25, sai a 2014 ta sanar da ritaya. Kofunan WTA 12 ta ci ita kaɗai, sannan ƙanina ka gyara zancenka kaɗan, tana da babban kofi guda na 'yan bibbiyu, na Amurka a 2007, tare da Nathalie Dechy 'yar Faransa.