Gurbi uku a kamfani ɗaya: amsa ga ƙanenmu da ya yi tambaya

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun jiya da daddare: ka gama bautar ƙasa, kana da HND a fannin akanta, wani kamfani ya fitar da gurbin akawu da na sito da na tallace-tallace, kana so ka cike duka ukun ko Allah zai sa ɗaya ya kama. Na ga wasu sun ce ka watsa kawai, wai ba a san inda rabo yake ba. Ni dai ba zan ce maka haka ba.

Shekara shida na yi a ofishin ma'aikata na wani kamfanin sarrafa kayan abinci a Sharada. Abin da masu nema ba su sani ba shi ne, takardun nan duk tebur ɗaya suke sauka. Kada ka ɗauka manajan sito na buɗe nasa, na talla na buɗe nasa. Mu biyu ne muke tacewa, ni da wata baiwar Allah, sai wanda ya tsallake mu sannan ya isa hannun shugaban sashe. In ta intanet ka turo ma ya fi sauƙin ganewa, lambar wayarka kawai zan buga, duk abin da ka aiko ya jeru a gabana.

Akwai wani yaro da ba na mantawa. Huɗu ya turo. A CV ɗin da ya nemi sito da shi, ya ce daga 2018 zuwa 2020 shi ke riƙe da sito a wani shagon atamfa a Kantin Kwari. A na neman talla kuma, waɗannan shekarun dai, ya ce yana fita da kaya wajen kwastomomi, ko ambaton sito babu. Abokiyar aikina ta shimfiɗa su gefe da gefe, ta kalle ni ta ce, "To wannan wanne ne shi?" Ba mu kira shi ba. Har yau abin na ɗan sosa min rai, don duk wanda ya san kasuwa ya san yaron shago komai yi yake: ya ƙirga dila da safe, ya kai kaya tasha da rana, ya rubuta bashi da yamma. Mai yiwuwa bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Da ya rubuta abin yadda yake a takarda guda, da ƙarfinsa ke nan. Raba kansa da ya yi ne ya sa ya yi kama da mai neman ko ma mene ne.

Biyu kam ba laifi, in 'yan uwan juna ne. Akawu da sito duk lissafi ne, shige da ficen kuɗi ko na kaya, kuma takardarka ta dace da su. Talla wata duniya ce daban, baki da ƙafa take so, ka bar ta. Taura biyu ma da ƙyar, balle uku. CV ɗinka ya zama ɗaya, shekaru da wuraren aiki kada su saɓa ko da wata guda. Wasiƙar neman ce za ka rubuta wa kowane gurbi tasa, kuma a ciki ka faɗa da bakinka cewa ka nemi ɗayan. Mu a wajenmu wannan layin ƙima yake ƙara wa mutum.

Sannan ka shirya, ranar intabiyu sai an tambaye ka wanne ka fi so. Kada ka kuskura ka ce "duk wanda kuka ba ni, ranka ya daɗe". Na ji wannan amsa ba adadi, tausayi take jawowa, ba aiki ba. Ka ce akawu, ka kawo dalili, ka ƙara da cewa in sun ga ka fi amfani a sito a shirye kake.

Amma kafin komai ka karanta sanarwar har ƙasa. Wasu a fili suke hana neman fiye da ɗaya. A ɗaukar aikin 2025, hukumar ma'aikatan gwamnatin tarayya ta ce gurbi ɗaya kowa zai nema. Haka ma hukumar da ke ɗauka wa Sibil Difens da gidajen gyaran hali da 'yan kwana-kwana da shige da fice: ɗaya za ka zaɓa cikin huɗun, wanda ya ninka an cire shi. Da NIN ake shiga, don haka dabarar 'yan kafe ta buɗe maka sabon imel su sake cikewa ba inda za ta kai ka.

In sanarwar kamfanin naka ba ta hana ba, tura na akawu yau, na sito ya biyo baya. In kana so ka ajiye min wasiƙun biyu ta akwatin saƙo, zan duba maka bayan isha'i in sha Allahu.