Duba wuyan babur kafin ka ba da kafin alƙalami

Ɗana, na ga hotunan Yamaha R6 ɗin nan na 2008 da aka sa a kasuwa a intanet. Ka ce mai shi ya rubuta cewa bai taɓa faɗuwa ba, kana tambaya ta yaya mutum zai gane gaskiyar maganar tun bai ɗora hannu a kan babur ɗin ba. Ajiye sifanar nan, jawo benci ka zauna.

Abin da ya burge ka a hoton shi ne ya tsaya mini a rai: robobin jikinsa suna ta ƙyalli kamar jiya aka fito da shi daga kwali. Babur mai waɗannan shekaru, da duwatsun hanya da rana da gwiwar mahayi, ya kamata a ga tabonsu. Irin waɗannan baburan gudu, ko R6 ne, ko CBR600RR na Honda, ko GSX-R na Suzuki, roba ce ta lulluɓe su kusan gaba ɗaya, kuma ana sayar da cikakken saitin robar na kwaikwayo. A wuni guda za a tuɓe wa babur rigar da ya faɗi da ita a sa masa sabuwa. To ka buɗe hoton sosai. Robar kamfani tana haɗuwa tsaf, babu giɓi. Ta kwaikwayo za ka ga wani gefe ya matse, wani ya buɗe baki, ƙusoshin ba iri ɗaya ba, 'yan takardun gargaɗin da kamfani ke mannawa babu su. Canza roba ba laifi ba ne. Laifin shi ne a canza a ce ba a canza ba.

Hoton da mai sayarwa ya zaɓa nasa ne, kai ka nemi naka. Ka ce ya ɗauko maka kowane gefe da rana, da ƙarshen hannuwa biyu, da bakin hannun birki da na kuloci, da matakan ƙafa, da salansa, da murfin inji na hagu da na dama. Nan ne ƙasa take fara taɓawa. Ka lura da yadda ƙarcen ya kwanta. Babur da ya kife a tsaye yakan samu ɗan tabo guda ko lotsawa. Wanda ya sulale a kan kwalta da gudu, ƙarcensa dogaye ne a jere, duk sun nufi waje ɗaya, kamar an goga shi a dutsen wasa wuƙa. Idan kuma ka ga kayan gefe ɗaya duk sababbi ne, ɗaya gefen tsofaffi, ka san a wane ɓangare ya kwanta.

Amma hoton da na fi so a turo mini shi ne na wuya, inda kan babur ya haɗu da firam, wato ƙashin jikinsa da ke ɗauke da inji da komai. A wurin akwai wasu 'yan tokare guda biyu na ƙarfe da ke hana kai juyawa har ya bugi tanki. Idan babur ya faɗi da ƙarfi, kan nan yana fizgewa ya daki tokaren. Sai ka tarar ya lotse, ko ya gutsire, ko an yi masa walda an shafa baƙin fenti. Masu gyaran fuska sukan manta da wurin, domin ba kowa ke leƙawa ba. A wuyan nan dai lambar firam take, haruffa da lambobi 17. Ka sa ya ɗauko ta, ka gwada da ta takardu ɗaya bayan ɗaya. In ka ga an goge wurin ko tambarin ya karkace, maganar ta ƙare a nan.

Na taɓa karɓar wani babur a hannun wani mutum bisa hoto da daɗin baki. Ranar da na hau shi, ina sakin hannu kaɗan sai ya ja hagu. Da na ɗaga tanki na haska tocila, sai ga walda a gefen wuya, mai kumburi kamar tabon ƙuna, an bi ta da fenti. Waldar kamfani a jere take, sumul, kamar ɓawon kifi. Wannan kuwa hannun mutum ne cikin gaggawa. Firam ɗin waɗannan baburan na alminiyam ne, kuma alminiyam ba kamar baƙin ƙarfe ba ne da za ka lanƙwasa ka miƙar ya haƙura. Tsagewa yake yi, zafin walda kuma yana rage masa ƙarfi a kewayen wurin. Abin da zai wuce kilomita 200 a awa ɗauke da ɗan mutum, ban yarda in mayar da shi kan hanya ba. Na wargaza shi na sayar da kayan, na ɗauki asarar, kuma har yau ban yi nadama ba.

Shi ya sa ba na son ka tura ko sisi kafin ka gani da idonka. Duk wanda ya ce wasu na layi, ka yi maza ka turo wani abu ya riƙe maka, ka bar musu.

In ka je, ka ce kada ya tayar da injin kafin ka iso, ka taɓa ka ji da sanyinsa. Sannan ka tsuguna a bayansa, taku kamar biyar, ka dubi wutsiya da tayar baya da tanki ko suna kan layi ɗaya. Wutsiyar da ta karkace tana nuna ƙaramin firam na baya ya sha bugu. Wannan ana kwance shi a canza, da sauƙi. Ka tafi da zare mai tsawo, ka zagaya shi ta bayan tayar baya ka miƙo shi gaba ta gefe biyu. Tazarar da ke tsakanin zaren da tayar gaba dole ta zo daidai hagu da dama. Ka kama birkin gaba ka danna kai ƙasa sau da yawa: shoka mai lafiya tana sauka ta taso lami lafiya, wadda ta lanƙwashe tana cijewa, kuma sau da yawa za ka ga mai yana tsatsafowa. Ka juya kai har ƙarshe dama da hagu, ka sa yatsa tsakanin hannu da tanki, ka ga ko tazarar ɗaya ce. Ka juya taya kana kallon bakin rim da faifan birki. Lagireto ma ka leƙa shi, in ya murɗe ko kunnuwansa sun sha gyara.

Akwai wani abu ƙarami da nake so idonka ya saba da shi. In ka ga an huda 'yan ramuka a kan notin zubar da baƙin mai ko notocin birki, na ɗaura waya ne, kuma a filin tsere ake neman haka. Ba lallai ya faɗi ba, amma ya sha wuya, sai ka tambayi mai shi kai tsaye kana kallon fuskarsa. Wanda ya ce maka eh, ya taɓa zamewa ta hagu, ga abin da ya canza, ga tsofaffin kayan, na fi natsuwa da shi.

Yanzu ɗauko wayar ka rubuta masa ya turo hoton wuyan ta gefe biyu, kai a juye, da lambar firam. In ya turo, kawo mu duba tare kafin mu rufe gareji.