Fure ko Fulawa: Amsar Tambayar da Ta Zo Daga Unguwar Rimi

Wata malama daga Unguwar Rimi ta aiko cewa: "Malam, na je Landan wajen 'yata, ta kai ni kasuwar Columbia Road, titi guda maƙil da furanni da tukwanen shuka, ga masu sayar da abinci ta gefe. Da na dawo na ce na je kasuwar fulawa, sai maƙwabciyata ta zaci garin burodi na je kallo. Me ya kamata in ce? Sannan me ake kiran irin abincin nan da ake ci a tsaye?"

Malama, kasuwar furanni za ki ce. Fulawa aro ce daga Turanci, inda kalmomi biyu masu sauti ɗaya, ta gari da ta shuka, suka shigo mana a haɗe. Ba na korar ta, don ta samu wurin zama: shukar ado da ake jerawa a ƙofar gida ko ofis, kowa fulawa yake ce mata. Amma abin da ya buɗe a kan reshe, mai launi da ƙamshi, fure ne, jam'insa furanni.

Raina yana ɓaci idan na ji ana cewa Bahaushe bai san fure ba. Ya san shi ƙwarai, sai dai ba ya yanko shi ya sa a kwalba. A bakin kakanninmu, idan an ce fure kawai, furen taba ake nufi, wanda mata ke gogawa a haƙora bayan sun tauna goro har bakin ya yi ja. Zoɓon da muke sha daga kwanson furen yakuwa yake. Kanumfarin da kike jefawa a kunu fure ne da aka tsinke tun bai buɗe ba, aka shanya, sunansa kuma daga Larabci muka aro shi, kamar wardi. Manomi ma yana bambance toho da huda: itace ya fara toho, daga baya ya yi huda, sannan 'ya'ya su biyo.

Wannan kasuwa da kika je, a gabashin Landan take, kuma ranar Lahadi kaɗai take ci, yadda ta Kawo a Kaduna ke ci ranar Talata. Ki lura da "ci" a nan: kasuwa tana ci, mutum ma yana cin kasuwa. Masu magana kuwa sun ce, kasuwa a kai miki dole, wato mai kaya ba shi da zaɓi, ko ana ruwa ko ana sanyi sai ya fito.

Batun abinci, abincin bakin titi ya wadatar. Idan ɗan abin taɓawa ne, ciye-ciye ko tande-tande. Kayan ƙwalama kuwa su ne waɗanda ba yunwa ke kai mutum wajensu ba, rai ne ya biya: tsire na ɗigar da mai a kan garwashi, awara da yaji, balangu a takarda da albasa. Kayan maƙulashe ma kusan haka ne. In dai ƙamshi ne ya tsayar da ke a wannan titi, Malama, ƙwalama kika yi.