Haƙorina ya daina ciwo da kansa, shin dole ne sai na je wurin likita?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Kusan wata biyu ke nan wani haƙorina na can ciki ta ƙasa, wanda yake da kogo, yana hana ni barci, ko ruwan sanyi ya taɓa shi sai in ji kamar kaina zai tsage. Na kasa zuwa asibiti domin ina matuƙar tsoron allura da ƙarar na'urar da ake aiki da ita, tun wata wahala da na sha wajen cire haƙori ina yarinya. Wani mai sayar da magani ya ba ni ƙwayoyin rage zafi da na kashe ƙwayoyin cuta, kuma a makon jiya ciwon ya ɗauke baki ɗaya. Sai dai idan na tauna abu ina jin haƙorin kamar ya fi sauran tsawo, ga kuma wani ɗan ƙurji da ya fito a dasashi. Shin ya warke ke nan? Idan kuma ya dawo, me zan sha in jure?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara sauƙi. Ba zan yanke hukunci a kan haƙorin da ban duba ba, amma alamomin da kika lissafa ba na warkewa ba ne, sun fi kama da na haƙorin da jijiyarsa ta mutu. Ki je a duba shi cikin kwanakin nan, kada ki jira ciwon ya dawo.

Babu wata fahimta da take wahalar da mu a wannan aiki kamar wannan ta cewa idan ciwo ya ɗauke to haƙori ya warke. Kusan kullum sai mun gamu da ita. Kogon da ya kai ga jijiya ba ya cikewa da kansa, kuma babu ƙwayar da za a haɗiya ta toshe shi. Abin da ke faruwa shi ne, jijiyar haƙori tana zaune ne a cikin wani ɗan matsattsen ɗaki mai taurin bango, idan ƙwayoyin cuta suka kai gare ta sai ta kumbura, ga shi babu inda kumburin zai faɗaɗa, shi ya sa ake jin wannan zugin mai bugawa kamar zuciya, wanda yake tsananta da dare idan an kwanta. Idan abin ya daɗe, sai jini ya daina shiga ciki, jijiyar ta mutu. Matacciyar jijiya kuwa ba ta jin sanyi, ba ta jin zafi. A nan ne mai ciwo yake yin hamdala, ya gode wa wanda ya sayar masa da magani, alhali ƙwayoyin cutar ba su tafi ko'ina ba, sun dai sami wurin zama ne, daga nan kuma su bi ta ƙarshen saiwar haƙori su shiga ƙashin muƙamuƙi. Tsawon da kike ji haƙorin ya yi idan kin tauna abu, kumburin da ke ƙarƙashin saiwar ne yake ɗan tura shi sama. Ƙurjin dasashin kuma hanya ce da mugunya ta huda wa kanta. Muddin tana tsiyaya ba za ki ji zafi sosai ba. Ranar da hanyar ta toshe, ranar fuska za ta kumbura.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka ba ki, jini ne yake kai shi inda zai yi aiki, cikin mataccen haƙori kuwa babu jinin da yake shiga. Iyakarsa ya kwantar da abin da ya bazu a kewaye na ɗan lokaci, tushen cutar yana nan yadda yake. Ina mamakin masu sayar da magani da suke miƙa wa mutum amoxicillin da metronidazole ba tare da sun ko leƙa bakinsa ba, idan ya dawo bayan wata biyu su sake miƙa masa, har ranar da maganin zai daina yi masa aiki a daidai lokacin da ake tsananin buƙatarsa. Haka masu cewa a daka asfirin a cusa a kogon: asfirin sinadari ne mai ƙuna, idan ya kwana a jikin dasashi sai ya bar farin gyambo, mutum ya zo mana da ciwo biyu maimakon ɗaya. Masu ɗiga man birki ko ruwan batir a kogon haƙori kuwa, guba suke zuba wa bakinsu. Masu cewa sun fitar da tsutsa daga haƙori su ma yaudara ce zalla, domin babu wata tsutsa a ciki, ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani.

Haƙoran ƙasa na can ciki su ne suka fi ba mu tsoro, domin mugunyarsu tana iya gangarawa ƙarƙashin harshe da wuya, ta tura harshe sama ta toshe hanyar numfashi. Wani likitan Jamus mai suna Ludwig ya bayyana wannan ciwo tun a 1836, kuma har yau yana kashe mutanen da suka yi jinkiri. Saboda haka idan kika ga kumburi a ƙarƙashin haɓa ko a wuya, ko kumburin da ya doshi ido, ko zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiyar yawu ko numfashi ya yi wuya, ki tafi sashen gaggawa na asibiti a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne.

Game da abin da za ki sha kafin a duba ki: baligi mai lafiya yana iya haɗa ibuprofen miligiram 400 da farasitamol miligiram 1,000, kada kuma farasitamol ya wuce miligiram 4,000 a cikin awa 24, domin yana lalata hanta. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu, su guji ibuprofen sai da izinin likita. Ki riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, ki tada kai da matashi idan za ki kwanta, kada kuma ki gasa kumburi da abu mai zafi. Wannan duk na kwana biyu ko uku ne kafin a kai ga aiki.

Shi kuwa tsoron da kike ji, ba abin kunya ba ne, manya da yawa suna fama da shi, kuma galibi daga irin abin da ya same ki a yarinta yake samo asali. Amma akwai abin da ya kamata ki sani: allurar kashe zafi ta lidocaine, wadda ake amfani da ita tun 1948, tana kama lafiyayyen wuri sosai, amma ba ta kama wurin da ya kumbura ya tara mugunya yadda ya kamata. Da yawa daga masu ba da labarin cewa an yi musu allura amma sun ji komai, sun zo ne bayan fuska ta riga ta kumbura. Wato jinkirin da tsoro yake sa ki yi, shi ne yake kusantar da ke ga abin da kike tsoro. Yanzu da wurin yake kwance, yanzu ne aikin ya fi sauƙi.

Ki kuma sani cewa zuwan farko yawanci dubawa ce da ɗaukar hoton haƙori, sannan a yi miki bayani, kuma ba za a taɓa ki ba sai da amincewarki. Ba lallai ne a cire haƙorin ba. Idan jikinsa da sauran ƙarfi, ana iya kwashe matacciyar jijiyar, a wanke cikin saiwar, a cike ta, haƙorin ya ci gaba da aiki shekaru masu yawa. Idan kuma cirewar ce ta kama, za ki ji ana dannawa ana girgizawa, domin allura ba ta ɗauke wannan, amma bai kamata ki ji zafi mai suka ba, idan kin ji kuwa ki faɗa a ƙara miki.

Da zarar kin zauna, ki gaya wa likitan kai tsaye cewa kina jin tsoro, ki ba shi labarin abin da ya faru da ke a baya. Ki nemi a shafa miki maganin da ke sa dasashi ya daina jin zafi kafin a soka allura, ku kuma yi yarjejeniya cewa idan kin ɗaga hannu zai dakata. Ki nemi lokacin safe domin kada ki wuni kina zullumi, ki tafi da wanda zai raka ki, idan kuma ƙarar na'urar ce take tayar miki da hankali, ki sa abin sauraro a kunne. Ki riƙe kwalayen duk magungunan da kika sha ki nuna masa, ki faɗa masa ranar da kika sha na ƙarshe, da ko kina da ciwon sukari, ko juna biyu, ko kina shan maganin tsinka jini.