Ku Tambayi Malam: Tsakanin Shayi da Gahawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na tashi a gidan da ba a fita da safe sai an sha shayi da burodi, amma tun da na fara aiki na koma shan Nescafe, don shi ke hana ni gyangyaɗi bayan azahar. Mahaifina ya ce gahawa tana lalata zuciya, shayi kuwa magani ne. Abokan aikina kuma sun ce shayi ai na 'yan teburi ne, wayayyu gahawa suke sha. Wanne ya fi? Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka gaida min Baba da kyau, ka ce masa maganarsa akwai ƙamshin gaskiya, sai dai ba duka ba. Abin da ke wartsake ka a gahawa shi ne ke wartsake shi a shayi, wato sinadarin kafeyin, kuma shi ne dai ke cikin goron da tsofaffinmu ke tauna. A yawa suka bambanta. Kofi ɗaya na dafaffiyar gahawa yana ɗauke da kimanin miligiram 95, ta gari irin Nescafe wajen 60, baƙin shayi irin Lipton tsakanin 40 da 50, koren shayi kuma wajen 30. Hukumomin lafiya a Turai da Amurka sun ce baligi mai lafiya zai iya shan har miligiram 400 a yini. Kofi ɗaya ko biyu da kake sha bai kai nan ba, kuma ba ya lalata lafiyayyar zuciya. Gaskiyar Baba ita ce, gahawa kan sa zuciya ta ɗan yi sauri, jini ya ɗan hau na wani lokaci, musamman ga wanda bai saba ba. Mai hawan jini ko mai fama da faɗuwar gaba, ya fara jin ta bakin likitansa.

Abin da ya fi damu na a wasiƙarka shi ne lokacin da kake sha. Jiki kan ɗauki wajen awa 5 kafin ya rage rabin kafeyin ɗin da ya shiga jini. In ka sha da la'asar, to har bayan isha'i rabinsa na nan. Ka kwanta barci ya ƙi nauyi, ka tashi asuba a gajiye, azahar na yi gyangyaɗi ya dawo, ka sake neman Nescafe. Ka mayar da shi hantsi, ka riƙa kwanciya da wuri, ka ga ko gyangyaɗin zai ci gaba.

Shi kuma shayin Baba, a leƙa cikin kofin tukuna kafin a kira shi magani. Ganyen shayi ba shi da laifi, amma mu ba ganye muke sha ba. Je ka teburin mai shayi ka ce a yi maka haɗin kauri, ka tsaya ka kalli hannunsa: madarar gwangwani, Bournvita ko Milo cokali biyu a tsaitsaye, sukari cokali huɗu ko biyar, sannan a juye daga wannan kofi zuwa wancan har ya yi kumfa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da baligi ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, kuma in ya tsaya a 6 ya fi. Kofi ɗaya na kauri ya isa ya cinye shidan nan tun gari bai gama wayewa ba. Kai ma ba ka tsira ba in irin 'yar ledar nan kake sha wadda aka riga aka haɗa gahawa da madara da sukari a ciki, don sukarin ya fi gahawar yawa. Ciwon suga da ke yawaita a gidajenmu ba ruwansa da ko shayi ne a kofin ko gahawa.

Game da abokan aikinka, maganarsu ba ta yi min daɗi ba. Gahawa ba ta Bature ba ce balle a ce shan ta wayewa ne. Asalinta Habasha, kuma Sufayen Yaman ne suka shahara da shan ta tun ƙarni na 15 don su raya dare da ibada, daga can ta bazu Makka da Masar da Santambul kafin ta isa Turai. 'Yan'uwanmu Hausawan Sudan sun san jabana, gahawar da ake soya 'ya'yanta a kan garwashi, a daka, a dafa da citta a tukunyar ƙasa mai dogon wuya. Alhazai kuma sun san ta Larabawa mai ɗaci da ake haɗawa da dabino.

Ni dai in ka bar ni da zaɓina, shayi zan ɗauka, kuma dalilina ba na asibiti ba ne. Nescafe ɗin ofis kai kaɗai kake haɗawa, kai kaɗai kake sha, idonka na kan kwamfuta. Shayi kuwa yana tara mutane. A teburin mai shayi na unguwarmu leburan gini da malamin makaranta da direban tifa benci ɗaya suke zama, rediyo na magana, ana musun siyasa da ƙwallo, wanda ba shi da kuɗi yau a rubuta masa bashi ko wani ya biya masa ruwan bunu. A Damagaram da Maraɗi da Agadas, matasa kan zauna a fada, 'yar buta a kan gawayi, a dafa koren ganyen da ake kawowa daga Sin, a zuba a ƙananan kofunan gilashi har zagaye uku: na farko da ɗaci, na biyu sassauƙa, na uku da zaƙi. Wanda ya sha na farko ya miƙe bai kyauta ba. Wannan zaman yana da daraja a wurina, kuma ba na son mu yar da shi don wani ya ce ƙauyanci ne. Ka sha gahawarka da hantsi a wurin aiki, ranar hutu kuma ka je ka zauna da Baba ku sha shayi, ka roƙe shi a rage sukari.

TAMBAYA: Malam, ina da juna biyu wata shida, an ce jinina ya yi ƙasa. Ma'aikaciyar asibiti ta ce in rage shayi, surukata kuma ta ce shayi mai zafi ne ke ba mai ciki ƙarfi. Na rasa ta wa zan bi. Daga wata 'yar'uwa a Gombe.

AMSA: Allah ya raba lafiya 'yar'uwa. Ki bi ta ma'aikaciyar asibiti, ga dalili. A cikin ganyen shayi akwai sinadarin tanin, shi ne ke sa ki ji baki ya ɗaure in shayi ya daɗe a wuta. Yana kama sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci, musamman na wake da zogale da alayyahu, ya hana hanji tsotse shi, alhali da shi jiki ke yin jini. Gahawa ma tana yin haka, amma shayi ya fi ta. Saboda haka kada ki kora abinci da shayi, ki bar aƙalla awa ɗaya tsakani. Ƙwayar ƙarin jini da aka ba ki kuma da ruwa za ki sha ta, in da lemon zaƙi ma ya fi, don yana taimaka wa jiki ya karɓe ta.

Mai ciki ana so kada kafeyin ɗinta ya wuce miligiram 200 a yini, kuma goro da lemon kwalba mai launin baƙi duk suna cikin lissafi. Kofi ɗaya ko biyu na shayi marar ƙarfi ba zai cutar da ke ba. Hajiya kuwa ƙauna ce ta sa ta faɗi haka, kada ki yi musu da ita. Ƙarfin da take gani daga madara da ɗumin ruwan yake zuwa. Ki dafa 'yar citta kaɗan da na'a-na'a, ki zuba madara, ki sha a gabanta, ko ki dama kunun gyaɗa. In maigida zai raka ki awo wata rana ya ji bayanin da kunnensa, shi zai fi iya isar mata da shi.

TAMBAYA: Me ya sa duk farkon azumi nake fama da ciwon kai? Ni mai shan shayi ne sau huɗu a rana. Daga Agadas.

AMSA: Jikinka ne ke neman abin da ya saba. Wanda ya yanke kafeyin farat ɗaya, ciwon kai kan kama shi bayan awa 12 zuwa 24, ya kuma lafa cikin kwana 2 zuwa 9. Ƙishirwa da ƙarancin barci suna ƙara masa. Ka fara ragewa tun tsakiyar Sha'aban, kofi ɗaya-ɗaya, kuma da sahur ka fi ba ruwa muhimmanci. Wani abu kuma da zan roƙe ka, tunda ku can kuna son shi daga wuta sai baki: a 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawan shan abu mai zafin da ya wuce digiri 65 na iya jawo sankarar maƙogwaro. Ka bar shi ya ɗan huce.

TAMBAYA: Wai da gaske ana noman shayi a Najeriya? Daga wani ɗalibi a Katsina.

AMSA: Ƙwarai kuwa ɗana. A tsaunin Mambila da ke ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba, akwai gonakin shayi a Kakara, kusa da Gembu, daga nan ake samun Highland Tea. Sanyin wurin da yawan ruwan sama ne suka karɓi ganyen, kuma ana noman gahawa ma a can. Amfanin bai isa ƙasar ba, shi ya sa yawancin abin da muke sha daga waje ake shigo da shi. Sin da Indiya ne kan gaba a noman shayi a duniya, a Afirka kuma Kenya. In ka ga na Mambila a kanti ka saya ka gwada, ka dafa shi ba madara da farko don ka ji ɗanɗanon ganyen.