Zan sayi injin sarar icce, ya zan riƙa yanka kuɗin aiki?

Wani ɗan'uwa mai sayar da iccen girki a unguwar Mabera da ke Sakkwato ya turo tambaya, wai ya tara ɗan jari yana so ya sayi injin zarto ya riƙa karɓar aikin sare itatuwa da rage rassa a gidajen mutane, ya zai riƙa ciniki?

Malam, Allah shi sa albarka. Aiki kam akwai shi, dogonyaro ya cika Sakkwato, kuma da iskar farkon damina ta taso wajen Mayu zuwa Yuni wayarka ba za ta huta ba. Amma don Allah kada ka yanka kuɗi da girman icce, ka duba abin da ke ƙarƙashinsa. Wanda ke fili kayar da shi kawai za ka yi ka daddatsa, wanda kuwa ya leƙa kan kwanon maƙwabci sai an hau an ɗaure kowane reshe da igiya an sauko da shi gunduwa-gunduwa, ga yara biyu a ƙasa suna riƙe, yana iya cinye maka wuni, kuɗinsa daban ne. In wayar NEPA ta ratsa ciki sai ma'aikatan wuta sun zo sun kashe layin tukuna. Kada ka biye wa mai gida in ya ce ai an ɗauke wuta, ba ta sallama in za ta dawo.

Kafin kowa ya hau, bubbuga gindin da bayan gatari. In ya yi ƙara kamar ganga to gara ta cinye cikin, ba a hawan irinsa, kuma bai cika faɗuwa inda ka nufa ba. Wanda kauci ya kama kuwa sau da yawa reshen kawai za ka cire, ni ban ga dalilin kayar da mangwaro mai 'ya'ya ba, in ka bar shi baɗi ma kai za a kira.

Sai maganar iccen da aka sare, nan ribarka take tunda kana da masu saye, gidajen burodi ma na nema. Ku yi ta tun farko: in kai za ka kwashe ka sassauta kuɗin aiki, in mai gida zai riƙe abinsa ya biya cikakke, har da fetur da man da ake haɗa wa injin da wasa sarƙa. Ku kuma rubuta a gaban shaida wa zai biya in katanga ta faɗi.

Iccen bakin titi ko na filin gwamnati kada ka taɓa sai da takardar malaman gandun daji, ko da mai shagon da ke gabansa ne ya kira ka.