Sanƙo: abin da ya cancanci kuɗinka da abin da za ka bari a kan tebur

Wasiƙun wannan makon kamar an haɗa baki, kusan duka a kan sanƙo suka tsaya. Na ɗauki huɗu. Kafin wani ya ce mai suma ne ke yi wa masu sanƙo wa'azi, ku sani ni ma tsakiyar kaina ta daɗe da zama filin idi, kuma hular da ba na rabuwa da ita aikinta ya wuce ado.

Daga wani matashi a Bukoki, Yamai: "Malam, shekaruna 27, goshina ya fara cin gashi ta gefe biyu. Na sayi wani mai na jika 12 a kasuwa, mai shi ya rantse cikin kwana 21 gashi zai tsiro. Wata biyu ke nan shiru. Yanzu abokina ya nuna mini minoksidil a Facebook, jika 8 kwalba. Bikina saura wata uku. In saya?"

Ƙanena, jika 12 ɗin nan ka yafe, ta tafi. Gashin mutum kusan santimita guda yake ƙaruwa a wata, namu na baƙar fata ma ya ɗan gaza haka. Wanda ya yi maka alkawarin suma cikin kwana 21 rantsuwar kasuwa ya yi.

Abin da ka kwatanta shi ne sanƙon gado. Jikin kowane namiji yana juya wani kaso na sinadarin mazantaka, wato testosteron, zuwa wani mai ƙarfi da ake kira DHT. Wanda ya gaji saiwar da ba ta jure DHT, ko ta wajen uwa ko ta wajen uba, sai saiwoyin goshi da na tsakar kai su riƙa tsukewa. Gashi mai kauri ya koma siriri, siririn ya koma kamar na jinjiri, daga ƙarshe saiwar ta daina aiki. Tun 1942 wani likitan Amurka, James Hamilton, ya lura mazan da aka dandaƙe kafin balaga ba sa yin sanƙo. Wannan bai sa mai sanƙo ya fi kowa mazantaka ba, kamar yadda muke lallashin kanmu a fada wajen shayi. Sinadarin ɗaya ne, saiwar ce ta bambanta. Man kaɗe da man zaitun da habbatus sauda suna tausasa gashi, suna rage bushewar fata lokacin hunturu, amma babu wanda ya isa inda DHT ke ɓarna.

Magunguna biyu ne suka daɗe a hannun likitoci. Minoksidil asalinsa ƙwayar hawan jini ce, sai aka ga masu shanta suna fitar da gashi, aka mai da shi ruwan shafawa, Amurka ta amince da shi a 1988. Na maza shi ne mai kashi 5 cikin 100. Mililita ɗaya safe, ɗaya dare, a kan fatar kai busasshiya, ba a kan gashi ba. A makonnin farko gashi yakan ƙara zuba, mutane da yawa a nan suke tsorata su jefar da kwalbar. Sai an yi wata huɗu zuwa shida kafin a san ko ya karɓi mutum, kuma ya fi aiki a tsakar kai fiye da kusurwar goshi. Ranar da ka daina, cikin ƴan watanni abin da ya riƙe maka zai zube. Don haka ka bar lissafin kwalba, ka yi na shekara. Kwalbar mililita 60 wata guda take yi, jika 8 sau 12 jika 96 ke nan, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa.

Na Facebook kuwa ban ba ka goyon baya ba. Ba ka san me ke cikin kwalbar ba, ba ka san wata nawa ta yi tana dahuwa a bayan mota cikin zafin Afrilu ba, kuma in fatarka ta saɓule mai sayarwa lambar waya kawai zai sauya. Je farmasi, ko da ya fi tsada.

Na biyun shi ne finasterid, ƙwayar miligiram 1 a rana, wadda aka amince da ita don sanƙo a 1997. Ita kai tsaye take rage DHT, da kashi 60 zuwa 70, shi ya sa ta fi minoksidil tsayar da zubar. Sai dai ba a sha ta da ka. A gwaje-gwajen farko kamar mutum 2 cikin 100 sun yi kukan raguwar sha'awa ko ƙarfin gaba. Yawanci abin yakan wuce in an daina, amma akwai waɗanda suka ce nasu ya zarce. A 2025 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta tabbatar da cewa tunanin kashe kai yana cikin illolinta ga wasu. Tana iya rage ƙwayoyin haihuwa ga wasu maza, kuma mace mai ciki ba ta taɓa ƙwayar da ta fashe, don tana iya cutar da al'aurar ɗa namiji a ciki. Kai da ke shirin angwanci, wannan ba lokacin gwaji ba ne. Fara minoksidil yanzu, ɗauki hoton kanka ta gaba da ta sama a wuri ɗaya kowane wata, sannan bayan biki ka samu likitan fata, a Babban Asibitin Ƙasa akwai su, ku zauna a kan finasterid, ya rubuta maka ordonans in ya ga ta dace. Ranar ɗaurin aure dai hula ce za ta fisshe ka, kamar yadda ta fisshe mu.

Daga wani ɗan kasuwar albasa a Tawa: "Malam, shekaruna 44, daga goshi har tsakar kai babu komai. Wani asibiti a Istanbul ya ce in biya yuro 2,000 a dasa mini saiwa 5,000 a rana ɗaya, har da otal da tafinta. Kuɗin ba matsala ba ne. Aikin yana da kyau? Kuma ya halatta?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Maganar halacci gajeriya ce: malamai da dama, cikinsu har da Shehu Ibn Usaimin, sun ce dashen gashi gyaran aibi ne, suka kafa hujja da hadisin mutum uku na Bani Isra'ila, kuturu da mai sanƙo da makaho, da ke cikin Buhari da Muslim. Ya bambanta da ƙarin gashin wani, wanda aka hana.

Sauran kuwa kai ka fi ni sani, don kullum kana ganinsa a Galmi. Mai dashen albasa ba ya ƙirƙirar iri. Daga fangalin reno yake cirewa ya kai gona, kuma abin da ya cire a can ya bar can ke nan. Haka dashen gashi yake. Saiwoyin ƙeya da na gefen kunne ba su damu da DHT ba, ko an kai su goshi suna riƙe halinsu, abin da likitan fata Norman Orentreich na birnin New York ya bayyana a 1959. Amma wurin renon naka ƙarami ne. Abin da likitoci ke cewa ana iya cira lafiya a tsawon rayuwar mutum da wuya ya wuce saiwa dubu 6 zuwa 8, kuma kan baƙar fata bai kai na Bature yawan saiwa ba. Wanda zai kwashe 5,000 a zama ɗaya ya ci kusan duka jarin. In aikin ya lalace babu inda za a sake ɗebowa, ga ƙeya ta koma kamar tabarmar da gara ta ci.

Akwai kuma abin da tallar ba ta faɗa wa mai irin gashinmu. Murɗewar da kake gani a waje ta ci gaba har ƙarƙashin fata, saiwar a lanƙwashe take kamar ƙugiya. Hanyar da ake kira FUE, wadda yawancin wuraren Istanbul ke yi, ɗan bututu ne miƙaƙƙe ake hudawa da shi a zaro saiwa ɗaiɗai. Hannun da ya saba da miƙaƙƙen gashi yakan datse saiwar Bahaushe a tsakiya, a ƙirga maka ita cikin 5,000 alhali matacciya ce. Ɗaya hanyar, FUT, ana yanko siririn yanki na fatar ƙeya a rarraba saiwoyin, tana barin dogon tabo. Kuma tabo a fatarmu ba abin wasa ba ne. Duba jikinka: in akwai tsohon rauni ko shaushawa ko wurin ƙurji a ƙirji da ya kumbura ya yi tudu mai tauri, ko kana da ƙurajen nan masu tauri da ke fitowa a ƙeya bayan aski, to maganar ta ƙare, ajiye kuɗinka. Huda dubbai a irin wannan fatar neman fitina ne.

Turkiyya tana da ƙwararrun likitoci, babu musu. Tana kuma da wuraren da likita zai leƙo ya zana maka layin goshi da biro ya fita, ma'aikata su yi sauran, mutum da yawa a rana guda. Ƙungiyar likitocin dashen gashi ta duniya ta daɗe tana gargaɗi a kan irinsu. Ana iya samun ruɓewar fata, ciwo ya kama wurin, ko allurar kashe zafi ta yi yawa a aikin da ke ɗaukar awa shida zuwa takwas, kuma an yi rasuwa a irin wannan aiki a ƙasashe daban-daban. Kafin ka tura ko dala, nemi sunan likitan da zai yi huda da hannunsa, da adadin mutanen da yake yi wa a rana. Ce su nuna maka hotunan baƙaƙen fata bayan shekara guda da aiki, har da ƙeyarsu a aske. Tambaye su ko sukan gwada zaro ƴan saiwoyi su duba kafin su ci gaba. Wanda bai tambaye ka sukari da hawan jini da maganin da kake sha ba, bai damu da kai ba. Sannan ka san wa zai duba ka a Tawa in wurin ya yi ruwa mako biyu bayan ka sauka.

Yuro 2,000 kusan miliyan ɗaya da jika 312 ne, ban da tikiti da biza. Bayan aiki gashin da aka dasa zai zube cikin ƴan makonni, sabo ya fara leƙowa a wata na uku ko na huɗu, ba ka ganin ainihin sakamako sai shekara ta zagayo. Kwanakin farko babu rawani, babu hula mai matsewa, babu rana da zufa da ƙura, wanda ga mai wuni a tashar lodin albasa hutu ne na dole. Kuma gashinka na asali da ya rage a gefe zai ci gaba da ja baya, shi ya sa ake yawan haɗa dashe da finasterid. A shekarunka in ka fara shanta ka gaya wa duk likitan da zai yi maka gwajin jini na PSA, wanda ake duba lafiyar prostat da shi, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, domin tana rage lambar da kusan rabi, tana iya ɓoye matsala.

Ra'ayina, Alhaji: filin naka ya fi ƙarfin irin da kake da shi. Likita mai gaskiya zai ce a gyara gaba kawai, a bar tsakiya. In hakan ya gamsar da kai, kuma fatarka ba mai tudun tabo ba ce, nemi wanda ya saba da gashinmu ko da ya ninka kuɗin. In cikakkiyar sumar samartaka kake nema, babu mai sayar da ita a Istanbul.

Daga wata baiwar Allah a Lazare: "Maigidana ya yi taifot mai tsanani wata uku da suka wuce. Yanzu gashinsa na zuba ko'ina, har a kan matashi. An ce in saya masa ƙwayoyin biyotin."

Hajiya, sannu da jinya. Zazzaɓi mai zafi, ko tiyata, ko rama mai yawa, sukan tura saiwoyi da yawa hutu lokaci guda, sai bayan wata biyu ko uku gashin ya zube. Yawanci yana dawowa da kansa cikin wata shida zuwa tara. Biyotin wani bitamin ne, ba ya ƙara komai ga wanda bai rasa shi ba, yana ma iya rikita wasu gwaje-gwajen jini. Kuɗin ki sa a ƙwai da wake da hanta da zogale. In an wuce wata shida yana zuba, a auna jininsa.

Daga wani ɗalibi a Tawa: "Mai askina ya ga wani fili a kaina, zagayayye kamar kwabon dala ashirin, sumul. Kakata ta ce hula ce, abokai sun ce in goga tafarnuwa."

Ka gaishe mini da kaka, amma hula da rawani ba sa kawo sanƙo. Tafarnuwa kuma ƙona fata take yi, ta bar maka tabon da gashi ba zai sake fita ba. In wurin sumul ne babu ƙaiƙayi, galibi garkuwar jiki ce ta far wa saiwar, kuma ƙaramin fili irin wannan sau da yawa yakan cike da kansa cikin shekara, likitan fata na iya gaggauta shi da mai ko allura. In kuwa yana ƙaiƙayi, yana garin fata, ga guntayen gashi a karye, makero ne. Shi sai maganin sha na makonni, shafawa kaɗai ba ta kashe shi, kuma ta injin aski yake yawo. Je asibiti a duba, sannan ka sayi injinka, ka riƙa tafiya da shi wurin aski.